Hoton Ƙirji da Tarin da Ya Ƙi Warkewa: Abin da Ya Kamata ’Yan Daura Mazauna Birane Su Sani

Jawabin da aka gabatar a zaman kiwon lafiya na taron shekara-shekara

 

An nemi mu, ’ya’yan wannan ƙasa da ke aikin asibiti, mu yi bayani a kan hotunan da likita kan sa a ɗauka idan yaro ko matashi yana fama da ciwon hanyoyin numfashi wanda ya daɗe. Mun karɓi wannan aiki da hannu biyu, domin mun san inda nauyin yake faɗawa. Idan tari ya ƙi barin yaro a Sandamu ko Zango, ko Baure, ko Mai’adua, ko cikin birnin Daura, wayar ɗan’uwan da ke birni ita ake fara bugawa. Shi zai aiko da kuɗin mota, shi zai biya kuɗin hoto, sau da yawa kuma shi zai ce a tafi Katsina ko a wuce Kano. Wanda ke ɗauke da irin wannan nauyi ya cancanci ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, kowane irin hoto akwai tambayar da yake iya amsawa, akwai kuma wadda ba ya iyawa. Tsadar hoto ba ta nuna dacewarsa da ciwon da ke jikin yaro. Akan kashe dukiya a kan hoton da babu bukatarsa, akan kuma yi shekaru ana jinkirta wanda ya zama wajibi har huhu ya lalace. Duka biyun asara ce.

Hanyoyin iska da abin da ke damun su

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro, ta shiga wani bututu da ya rabu biyu, reshe ɗaya zuwa huhun dama, ɗaya zuwa na hagu. Kowane reshe yana ta rarrabuwa kamar rassan icce, har ya kai ga ’yan ƙananan bututu da ido ba ya iya gani. Ciwon da ya daɗe a waɗannan rassa yakan zo ta fuskoki da dama, amma huɗu ne suka fi yawa a wajenmu.

Na farko asma, wadda ke sa hanyoyin su tsuke su kuma saki, yaro ya riƙa shaƙewa yana fito a ƙirji, musamman da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita a duniya. Na biyu faɗaɗar hanyoyin iska, wato bututun ya buɗe fiye da ƙima, bangonsa ya yi kauri, majina ta riƙa kwanciya a ciki tana ruɓewa. Likitoci na kiran wannan burankiyaktasis, kuma likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, shi ya fara bayyana ta a 1819. Takan biyo bayan ƙyanda, ko tarin shiƙa, ko ciwon haƙarƙari mai tsanani, ko tarin fuka. Na uku tabon da tarin fuka ke bari bayan an warke. Na huɗu wani abu da yaro ya shaƙa ya maƙale masa a reshen huhu.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa wutar icce. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi tana rufe mu watanni a kowace shekara. Ga hayaƙin murhu da goyo ke shaƙa a bayan uwa, ga turaren wuta da maganin sauro a ɗakin da aka kulle, ga ƙaiƙayi lokacin sussuka. Har ila yau, muna da masu amosanin jini da yawa, waɗanda ciwon kan taɓa musu ƙirji.

Ƙa’idar likitocin yara ita ce, tarin da ya wuce mako huɗu a jikin yaro ya zama dogon tari, dole a binciki dalilinsa. Dangane da tarin fuka kuwa, mako biyu ya isa a kai kaki gwaji.

Hoton eksire

Wannan shi ne wanda kowa ya sani da hoton ƙirji. Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar sa da shi ranar 8 ga Nuwamba 1895, aka ba shi kyautar Nobel a 1901. Hasken yana ratsa jiki, ƙashi ya tare shi ya fito fari, huhu mai cike da iska ya bar shi ya wuce ya fito baƙi. Shi ne mafi araha, mafi sauri, kuma shi ne hoton farko ga kusan duk mai dogon tari.

Eksire yana nuna ciwon haƙarƙari, da ruwa a ƙirji, da ramin da tarin fuka ke ci a huhu, da kaluluwar da ta kumbura a tsakiyar ƙirji, da girman zuciya. Amfaninsa ma ya ƙaru a ’yan shekarun nan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a rage maganin tarin fuka daga wata shida zuwa wata huɗu ga yaran da nasu bai yi tsanani ba, bayan wani gwaji da aka yi a kan yara 1,204 a Yuganda da Zambiya da Afirka ta Kudu da Indiya. Hoton ƙirji yana cikin abubuwan da ake dubawa a gane mai tsanani da mara tsanani. Kafin nan, a 2021, hukumar ta amince da manhajar kwamfuta mai karanta hoton ƙirji don zaƙulo masu alamar tarin fuka daga ’yan shekara 15 zuwa sama.

To amma eksire inuwa ce, ya tattara gaba da baya ya shimfiɗa su a kan faranti guda. Bututun da ya fara faɗaɗa yakan ɓuya a cikinsa, sai ciwon ya yi nisa ake ganin layuka biyu a jere kamar layin dogo. Don haka idan aka ce maka hoton yaro lafiya lau, alhali kullum da safe sai ya tofar da majina mai kauri, kada ka ɗauka magana ta ƙare.

Akwai kuma kuskuren da ya kamata mu faɗakar a kai. Tabon tarin fuka ba ya gogewa daga hoto. Matashin da ya sha magani ya warke, idan ya sake tari bayan shekara biyu, hotonsa zai nuna tabo, kuma mai gaggawa zai iya mayar da shi kan magani na wata shida ba tare da ƙwayar cutar tana jikinsa ba. Gwajin kaki, irin na na’urar GeneXpert da hukumar ta amince da ita a 2010, da nazarin likita, da kwatanta sabon hoto da tsoho, su ke raba gardama. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe.

Asma: inda busa ta fi hoto

Da yawa daga cikinmu, idan aka ce ɗa yana da asma, sai mu ce a yi masa babban hoto a gani. Haƙiƙa asma ba ta fitowa a hoto. Mai ita zai iya kwana yana haki, a ɗauki hotonsa da rana a gan shi garau. Ana gane ta ne daga labarin ciwon, da sauraren ƙirji, da gwajin busa. A wannan gwaji yaro yana cika ƙirjinsa da iska ya busa da ƙarfi cikin na’urar da ake kira sifirometa, a auna yawan iskar da saurinta, a shaƙa masa magani, bayan kamar minti 15 a sake aunawa. Idan hanyoyin sun saki, alama ce ta asma. Yaro ɗan shekara biyar zuwa shida zai iya yin wannan gwaji. Babu haske mai ratsa jiki a cikinsa, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na babban hoto ba.

Likita zai nemi hoto ga mai asma ne idan wani abu ya saɓa: fito a gefe guda kawai, ko rama, ko tari da jini, ko zazzaɓi mai dawowa, ko kuwa ana shaƙa magani yadda ya kamata amma babu sauƙi.

Gyaɗa a huhu

Wannan batu ya shafi kowane gida a ƙasar Daura, domin babu gidan da gyaɗa ko gurjiya ko aya ba ta shiga. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku ba shi da turamen da zai tauna su sosai. Yana dariya ko kuka da gyaɗa a baki, sai ta faɗa hanyar iska, galibi reshen dama. Zai sarƙe, ya yi tari kamar ransa zai fita, daga baya ya lafa, kowa ya manta. Bayan makonni sai tari da zazzaɓi su riƙa dawowa, a yi ta maganin haƙarƙari ko na asma.

Gyaɗa ba ta tare hasken eksire, saboda haka ba a ganin ta. Abin da gwani kan lura da shi shi ne huhu ɗaya ya fi ɗan’uwansa kumbura da iska, ko wani yanki ya motse, wani lokaci ma hoton ya fito lafiya. Ƙarfe kuwa yana fitowa sarai, kamar allurar da ’yan mata kan riƙe a baki suna gyara lulluɓi. Maganin duka shi ne a zura bututu mai fitila ta maƙogwaro, yaro yana barcin allura, a leƙa a ciro abin. Idan an tabbatar yaro ya sarƙe da wani abu, a faɗa wa likita ko da an yi wata uku, domin wannan labari ya fi kowane hoto daraja.

Hoton siti

Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera wannan na’ura, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a watan Oktoba 1971, ya kuma raba kyautar Nobel da Allan Cormack a 1979. Hasken eksire take amfani da shi, sai dai tana zagaya jiki, kwamfuta ta fitar da hoton ƙirji yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi, kowane yanka kaurinsa kamar milimita ɗaya. Na’urorin yanzu suna gamawa cikin ’yan daƙiƙoƙi. Kafin zuwanta, tun daga 1922, sai an ɗura wani mai a cikin hanyoyin iska sannan a ɗauki eksire, aiki mai wahala ga mara lafiya.

Siti shi ne hoton da ke tabbatar da faɗaɗar hanyoyin iska. Kowane bututun iska yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jijiyar jini. A huhu mai lafiya bututun bai fi jijiyar faɗi ba. Idan ya faɗaɗa, sai a gan su kamar zobe mai dutse, bututun shi ne zoben, jijiyar ita ce dutsen. Ƙa’idar da Ƙungiyar Likitocin Numfashi ta Turai ta fitar a 2021 don yara da matasa ta ce, idan faɗin cikin bututu ya wuce kashi 80 cikin 100 na faɗin jijiyar, to ya fita daga ƙima. Auna yaro da mudun manya yakan sa a tsallake ciwon tun yana ƙarami.

Yaushe ya kamata a yi shi? Idan tari mai majina ya ƙi tsayawa bayan mako huɗu na maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace. Idan yana warkewa yana dawowa fiye da sau uku a shekara. Idan ciwon haƙarƙari yana maimaituwa a wuri ɗaya. Idan akwai tari da jini, ko ƙarshen yatsu ya yi kauri farce ya yi tudu kamar bayan cokali. A irin wannan hali jinkiri shi ne haɗari, domin faɗaɗar da aka kama da wuri a jikin yaro tana iya tsayawa, har ma ta koma daidai, idan aka dage da magani da dabarun fitar da majina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An fi so a ɗauki hoton bayan zazzaɓi ya lafa, saboda ciwo mai zafi yakan buɗa hanyoyin na ɗan lokaci ya ruɗi mai karatu.

Batun hasken da ke ratsa jiki

Ana auna wannan haske da ma’aunin milisibat. Kowane ɗan’adam yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da sararin sama da abinci, ko da bai taɓa shiga asibiti ba. Eksiren ƙirji ɗaya bai wuce kamar 0.1 ba, daidai da abin da mutum ke samu a mako biyu. Sitin ƙirji na manya kuwa yakan kai 6 zuwa 7, wato abin shekara biyu zuwa uku, ko eksire sittin zuwa saba’in. Idan aka saita na’urar daidai da jikin yaro, ana iya sauko da shi kusa da milisibat ɗaya.

Jikin yaro yana girma, ga kuma shekaru masu yawa a gabansa, don haka hasken ya fi yi masa tasiri. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012, a kan yara da matasa kimanin 178,000 a Birtaniya, ya nuna cewa yawan maimaita siti yana ƙara yiwuwar kamuwa da sankarar jini da ta ƙwaƙwalwa. Amma binciken ya nuna haɗarin hoto guda ƙarami ne ƙwarai: a cikin hotunan kai 10,000 da aka yi wa ’yan ƙasa da shekara goma, ƙarin da ake sa rai shi ne mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙarin ƙwaƙwalwa cikin shekara goma. Ma’ana, kada tsoro ya hana yin sitin da likita ya ga ya wajaba, kada kuma kuɗi a aljihu ya sa a yi ta maimaita shi. A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin amfani da irin waɗannan na’urori. Matar da ke da ciki, ko take zaton tana da shi, ta sanar kafin ta shiga ɗakin hoto.

Sikanin da hoton maganaɗisu

Sikanin, wanda mata suka sani wajen awon ciki, sauti yake aikawa cikin jiki ya saurari amsa-kuwwa. Ba shi da haske mai cutarwa, ana iya kai shi bakin gado. Ya ƙware wajen gano ruwa ko mugunya a kewayen huhu, da duba zuciya idan ana zaton ita ce tushen haki. Sai dai iska tana tare sauti, don haka ba ya ganin rassan da ke can cikin huhu.

Hoton maganaɗisu, wato em-ar-ai, shi ma babu hasken eksire a cikinsa, kuma mutane kan ɗauka shi ne sarkin hotuna saboda tsadarsa. Ga ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi babu kamarsa. Ga huhu kuwa, yawan iska da ƙarancin ruwa suna raunana hoton, numfashi da bugun zuciya suna girgiza shi, yana ɗaukar kamar rabin sa’a, ƙaramin yaro kuma sai an sa shi barci. Wasu cibiyoyi a Turai suna amfani da shi wajen bibiyar yaran da ke bukatar hoto a kai a kai, amma ga yaronmu da ake neman sanin ko hanyoyinsa sun faɗaɗa, siti ne amsa.

Ina za a nufa?

Ƙasar Daura ta samu ci gaba a wannan fanni. A 2019 aka buɗe asibitin Rundunar Sojin Sama a Daura, sannan a ƙarshen mulkin marigayi Muhammadu Buhari, wanda ya sauka a 2023, babban asibitin garin ya koma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Gaba da nan akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami’ar Ahmadu Bello a Shika. Shawararmu ita ce a fara daga gida: likita ya duba, a yi eksire da gwajin kaki, a samu takardar turawa. Kafin a hau mota, a buga waya a tabbatar na’urar tana aiki, kuma akwai likitan hoto da zai rubuta rahoto. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan aka bugo maka waya daga gida, ga tambayoyin da za ka yi wa likita cikin ladabi. Wace tambaya wannan hoton zai amsa? Sakamakonsa zai canja magani? Akwai wanda ya fi sauƙi da zai wadatar? Za a saita na’urar daidai da jikin yaro? Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Bugu da ƙari, a adana hotuna. Tsohon hoto shaida ne, yakan hana a sake wani. A nemi faifai da rahoto a rubuce, a sa su a jaka guda da katin asibiti. Hoton da aka ɗaga a bakin taga aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ba ya wadatar da likita, musamman siti mai ɗaruruwan yanka.

Daga ƙarshe, ga masu niyyar taimako, muna roƙon a duba abin da ya fi kusa. Babbar na’ura tana bukatar wuta tsayayya da sanyi da injiniya da ƙwararru, in babu su sai ta zama kayan kallo. Amma na’urar busa, da mazurarin shaƙa wa yara magani, da asusun kuɗin mota ga marasa ƙarfi, duk ba su fi ƙarfinmu ba. Haka nan ɗaukar nauyin ’ya’yanmu su karanci aikin hoton asibiti a Jami’ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, su dawo gida su yi aiki. Mu kuma tuna wa ’yan’uwa allurar rigakafi: ta ƙyanda, da mai haɗe da cututtuka biyar da aka shigo da ita a 2012 wadda ta ƙunshi tarin shiƙa, da ta ciwon haƙarƙari da aka fara a 2014. Yaron da ya tsira daga waɗannan cututtuka, da wuya ya kai ga bukatar babban hoto.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.